Rijiya da Masai: Tarihin Ruwan Sha a Fagge da Sabon Gari

Yau hirar tamu a kan ruwa za ta tsaya, ruwan da ke cikin randarki, wanda kika ɗiba da moɗa ɗazu kika ba yaro, da kuma rijiyar da ya fito daga cikinta. Za mu ɗauki unguwanni biyu na Kano, Fagge da Sabon Gari, mu bi tarihinsu, domin abin da ya sami ruwansu shi ne yake samun ruwan kusan duk unguwar da ta cika ta batse a ƙasar Hausa.

Wadda ta taɓa zuwa Kantin Kwari sayen atamfa, ko maigidanta yake kasuwanci a can, ta san Titin Ibrahim Taiwo. Sunan wani soja aka sa masa, Kanar Ibrahim Taiwo, gwamnan Jihar Kwara da aka kashe ranar 13 ga Fabrairu, 1976, rana ɗaya da Janar Murtala. A saman titin nan motoci ne da 'yan dako da masu tura kurar ruwa. A ƙarƙashinsa kuwa, da ƙarƙashin gidajen da ke bayan shagunan, akwai ruwa kwance a cikin ƙasa, kuma daga gare shi rijiyoyin Fagge da na Sabon Gari suke sha. Ƙasan Kano dutse ne. A saman dutsen akwai wani shimfiɗi na marmara da tsakuwa da yashi, a nan ruwan damina yake sauka ya zauna. Mai haƙar rijiya idan ya ce ya tarar da ruwa, wannan shimfiɗin ya taɓo. To ki riƙe wannan, domin za mu dawo kansa: katanga a sama kawai take raba gida da gida, a ƙasa ruwan ɗaya ne.

Fagge tsohon zango ne a wajen ganuwa. Nan ayarin raƙuma na Buzaye da fataken da suka ƙetaro Sahara suke sauke kaya, gishiri da dabino da kanwa, kafin su shiga Kasuwar Kurmi. Kusa da Kurmi kuwa ga Jakara, wadda ta ratsa birni, ta fito ta bi ta gefen Fagge, ta wuce Sabon Gari ta yi arewa maso gabas. Kada mu ruɗi kanmu mu ce da can komai tsaf yake. Wani Bature ɗan Birtaniya, Kilafaton, wanda ya yi tafiyarsa da sunan Abdullahi, ya zo Kano a 1824, kuma ya rubuta cewa fadamar da ta kusan raba birnin biyu da kududdufan da aka haƙa don ɗibar ƙasar gini suna sa garin rashin lafiya. Bayansa Bajamushen nan Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya zo a 1851, shi ma ya koka da Jakara. Ashe ƙazantar ruwan da ke kwance a sarari tsohuwar magana ce.

Amma akwai abin da kakanninmu suke da shi wanda mu muka rasa, wato fili. Barth ya ƙiyasta mazauna Kano da kamar mutum 30,000, su kai 60,000 a lokacin cin kasuwa na rani, kuma a cikin ganuwa har gonaki ake nomawa. Gida yana da faɗi, rijiya tana wannan kusurwa, masai yana can ƙuryar baya. Ƙasa kuwa Allah ya yi ta matata ce. Ƙazantar da ta fito daga ramin masai idan ta yi doguwar tafiya a cikin ƙasa, yashi da laka suna riƙe ƙwayoyin cuta, wasu su mutu a hanya kafin su isa rijiya. Amma tata tana bukatar nisa, tana bukatar lokaci. Tarihin da zan ba ku yanzu, tarihin yadda nisan nan ya yi ta raguwa ne.

Turawa sun ci Kano a 1903. A 1911 layin dogo ya iso, cinikin gyaɗa ya buɗe, baƙi suka yi ta kwararowa. A wajen 1913 aka yanka Sabon Gari domin ma'aikatan jirgin ƙasa da akawuna da 'yan kasuwa da suka zo daga Kudu da wasu ƙasashen Afirka ta Yamma. Kwarori, wato 'yan Siriya da Labanan, suka kafa kantunansu a gefen Fagge. Su kuwa Turawa suka koma can Nasarawa da Bompai, kuma ƙa'idarsu ta wancan zamani ita ce a bar fili na yadi 440 ba gini tsakanin unguwarsu da ta baƙar fata, wai don kada sauro da cuta su ƙetara. Kun ji fa. Sun san amfanin tazara sarai, sai dai kansu suka yi wa tanadinta. Sabon Gari fuloti-fuloti aka yanka shi, kowane fuloti aka cika shi da ɗakunan haya, iyali goma ko fiye suna tarayya a makewayi ɗaya. Shekaru masu yawa da masan bokiti ake amfani a can, masu kwasa su zo da dare su ɗauke. Abin ƙyama ne, babu mai son dawowarsa, amma ku lura da abu ɗaya: ƙazantar fita take yi daga unguwa. Da aka daina bokiti aka koma rami da sokawe, sai ta zauna a ƙarƙashin gida.

A zamanin ne kuma aka san duba-gari. An buɗe makarantar horar da su a Kano a 1932. Tsofaffi suna ba da labarin yadda ake rawar jiki a wanke randa idan an ji sun shigo unguwa, don idan suka ga 'ya'yan sauro a ciki sai tara. Abin da ido yake gani suke nema. Kuma a gidan da aka rubuta ba shiga, iyakar namiji zaure.

Ruwan famfo ya zo Kano a farkon shekarun 1930, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, wanda ya yi sarauta daga 1926 zuwa 1953. Da kuɗin baitulmalin En'e aka yi aikin, tare da na wutar lantarki. Aka jawo ruwa daga kogin Challawa, aka tura shi babban tanki a kan Goron Dutse, daga nan ya gangaro gari. Babban aiki ne a lokacinsa. Daga baya Gwamna Audu Bako ya gina madatsar Tiga, aka gama a 1974, aka yi ta faɗaɗa matatar Challawa, aka gina ta Tamburawa, sannan a zamanin Malam Ibrahim Shekarau aka ƙara sabuwar Tamburawa wadda aka tsara ta tace lita miliyan 150 a rana. Duk da haka gari ya fi famfo gudu. Kanon da ƙidayar 1952 ta samu da mutum wajen 130,000, a ƙidayar 2006 ƙaramar hukumar Fagge kaɗai ta kusa 200,000. Famfo ya koma zuwa yau, gobe babu, a wasu layukan ma sai dai labari. Mutane suka koma wa rijiyar tsakar gida, masu hali suka haƙa burtsatse, sauran suka dogara da 'yan garuwa.

To a nan ne lissafi ya rikice, kuma ina so mu yi shi tare. Masana tsaftar ruwa sun ce a bar aƙalla mita 30 tsakanin ramin masai da rijiya, wato kusan ƙafa 100. Fulotin da ake ce wa cikakke ƙafa 50 ne a faɗi, 100 a tsawo. Ke nan ko da kin sa rijiya a bakin zaure, masai a jikin katangar baya, da ƙyar kika cika sharaɗi. Gidaje nawa ne a Fagge suka kai haka yau, bayan an raba gado sau biyu ko uku, an yanka shago a gaba, an ƙara ɗaki a tsakar gida? Kuma a ce naki ya cika. Masan maƙwabcinki fa? Wataƙila yana jingine da katangar da rijiyarki take gindinta, taku huɗu tsakani, ba ki taɓa ganinsa ba.

Akwai sharaɗi na biyu: gindin ramin masai ya kasance aƙalla mita 1.5 a sama da inda ruwan ƙasa ya tsaya. Da rani wannan yana iya yiwuwa. Amma ki tuna watan Agusta, lokacin da rijiya take cikowa, igiya ta yi gajarta, har muna murna guga yana taɓa ruwa ba wahala. Ruwan da ya hau a rijiya, haka ya hau a ƙarƙashin gidan duka, ya je ya tarar da gindin masai. Lokacin da rijiya ta fi yi mana kyauta, lokacin ne ta fi kusa da ƙazanta. Ƙara da ambaliya, kamar wadda ta shiga Kantin Kwari a daminar 2022, inda ruwan lambatu yake tumbatsa ya shiga gidaje, rijiyar da bakinta yake daidai da ƙasa kuwa ta sha ta ƙoshi. Shi ya sa amai da gudawa ya fi zuwa da damina. Ruwa ba ya tsami banza.

Wata za ta ce, ai ni ruwan rijiyata garai-garai yake, ba wari, ba ɗanɗano. A Islamiyya an koya mana duba launi da ɗanɗano da ƙamshi, wannan hukuncin ruwan tsarki ne, yana nan daram. Amma tambayar likita daban ce, shi yana tambayar abin da ke shiga cikin yaro ne, kuma yawancin abubuwan da yake tsoro ba su da launi ba su da wari. A 2007 Najeriya ta fitar da ƙa'idar ingancin ruwan sha ta ƙasa ta hannun hukumar SON, aka sabunta ta a 2015, kuma ta yi daidai da ta Hukumar Lafiya ta Duniya a manyan abubuwa. Na farko a ciki wata ƙwayar cuta ce da ake kira ikolai, wadda gidanta hanjin mutum da na dabba. Idan aka gan ta a ruwa, shaida ce bayan gida ya shiga ruwan, kuma ƙofar da ta shigo ta nan kwalara da taifot da ciwon shawara suke shigowa. Ƙa'ida ta ce a cikin mililita 100, kamar rabin kofin shayi, kada a sami ko guda ɗaya.

A 2016 zuwa 2017 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa tare da UNICEF sun bi gidaje a faɗin Najeriya suna gwada ruwa. A inda ake ɗebo ruwan, wato rijiya ko burtsatse ko famfo, sun sami ikolai a ruwan kusan kashi 77 cikin 100 na jama'a. Da suka ce a ba su ruwan da ake sha a cikin gida, sai adadin ya haura kashi 90. Ku dubi tazarar nan. Akwai ruwan da ya fito da tsabtarsa, a hanya ya lalace, a jarka ko a randa ko a moɗar da yaro ya yar a ƙasa aka mayar. Rijiya ta ba da ruwa, guga ya hana.

Wannan ilimi ma duniya ba ta daɗe da samunsa ba. A 1854, shekara uku bayan zuwan Barth Kano, kwalara ta ɓarke a wata unguwa ta birnin Landan, ta kashe mutum sama da 600. Mutane suka ce mugun wari ne a iska. Wani likita, John Snow, ya bi gida-gida yana tambayar inda mamatan suke ɗibar ruwa, sai ya ga kusan duk rijiya ɗaya ce, mai famfon hannu, wadda mutane suke yabon daɗin ruwanta. Ya sa hukuma ta cire hannun famfon. Da aka tona daga baya, sai ga ramin ƙazanta na wani gida bai kai mita 1 daga rijiyar ba. A gidan akwai jaririya mai gudawa, uwarta tana wanke ƙunzugunta tana zuba ruwan a ramin. Baiwar Allah ba ta san komai ba, aikin da kowace uwa take yi ta yi.

Kwalarar wannan zamani ta shigo Najeriya a ƙarshen 1970, ta bazu a 1971, tun daga nan kuma take kai-komo. Wadda ta fi shafar hirarmu ita ce ta 1996, shekarar da Kanawa ba sa mantawa, don sanƙarau da ƙyanda da kwalara tare suka zo. Daga Disambar 1995 zuwa Mayun 1996 an rubuta mutum 5,600 da suka kamu da kwalara a Jihar Kano, 340 suka rasu. Asibitin Zana, wanda ke nan yankin Fagge da Sabon Gari, ya cika har waje. A cikin wannan hali wasu likitoci suka yi irin aikin John Snow. Suka yi wa masu kwalara 102 tambayoyi, suka yi wa masu sanƙarau 77 da ke kwance a asibitin tambayoyi iri ɗaya, don su ga me ya bambanta su. Sakamakon ya fito a 2003. Shan ruwan da aka saya a titi ya ninka haɗarin kamuwa kamar sau 3. Masu shan famfon cikin gida, da masu wanke hannu da sabulu kafin cin abinci, haɗarinsu ya sauko zuwa kamar ɗaya bisa biyar na sauran. Sabulu fa, 'yan'uwa, ba wata allura mai tsada ba.

Ba na so a ji wannan a tsani ɗan garuwa. Bawan Allah nan da can garwa biyu yake ratayawa a sanda, yau kura yake turawa da jarkoki cikin rana, kuma ba don shi ba da gidaje da yawa ba a ɗora tukunya ba. Giɓin da famfo ya bari yake cikewa. Sai dai ke da ke cikin gida ba ki ga inda ya ɗebo ba, ba ki ga cikin jarkar ba, yaro kika aika ya kira shi. Tambayarsa daga wace burtsatse yake ɗebowa, da leƙa cikin jarka a ga ko ta yi gansakuka, ba cin fuska ba ne. Shi kansa famfon yana da nasa rauni: bututu da yawa a cikin kwata suke bi, idan ruwa ya ɗauke bututun da ya tsage yana zuƙar abin da ke kewaye da shi, don haka ruwan farko da ya zo bayan an daɗe ba a kawo ba, a bar shi ya zuba ko a yi shara da shi. Kwalara ta dawo Kano a 2001, ta kuma dawowa da ƙarfi a 2021, shekarar da aka rubuta mutum sama da 111,000 a ƙasa baki ɗaya, kusan 3,600 suka rasu, Kano tana cikin jihohin da suka fi jin jiki.

Shan inna ma ta bayan gida take yaɗuwa. A 2011 da aka fara ɗibar ruwan lambatu a Najeriya ana neman ƙwayarta, Kano aka fara, kuma Kwarin Gogau na Fagge yana cikin wuraren farko da ake ɗiba. A watan Agustan 2020 aka tabbatar an kawar da asalin ƙwayar daga Afirka, ko da yake rigakafi bai tsaya ba.

Yanzu ga wanda ba a cika faɗa mana ba, kuma masu goyo su matso kusa. Ƙasa tana tace ƙwayoyin cuta, amma akwai wani sinadari da ba ta riƙewa, sunansa naitiret. Daga ruɓewar fitsari da bayan gida da taki yake samuwa, ya narke a ruwa kamar gishiri, ya bi shi duk inda ya je. Unguwar da ta shekara 100 ana haƙa masai ana cikewa ana sake wani, dole ƙasanta ta tara shi. Iyakar da aka yarda da ita miligiram 50 ce a lita. Babba ba ya jin komai nan take. Jariri ɗan ƙasa da wata 6 shi ne abin tsoro, domin sinadarin yana hana jininsa ɗaukar iska, sai a ga leɓe da dasashi da farce sun yi shuɗi-shuɗi ko toka-toka, numfashi yana wuya. Wani likita a jihar Iowa ta Amurka, Hunter Comly, shi ya bayyana wannan a 1945, a kan jarirai biyu da ake haɗa wa madara da ruwan rijiyar gona. Abin da ya sa na dage a kansa shi ne tafasawa ba ta kore shi. Ruwa ne yake tafiya a tururi, shi ya zauna, ƙara kauri ma yake yi. Saboda haka idan ma'aikaciyar asibiti ta ce nono zalla har wata 6, ko ruwa kada a ba shi, ga ɗaya daga cikin dalilan. Ina roƙon iyayenmu kakanni, masu cewa yaro zai ji ƙishirwa, su yi mana haƙuri a kan wannan. Wadda kuma larura ta sa take ba da madarar gwangwani, kada ta dama da ruwan rijiyar da ba a gwada ba.

Sai na uku, ƙarafa masu guba. Kano garin jima ne tun fil azal, amma majeman gargajiya da bagaruwa suke aiki. Kamfanonin fata na zamani da aka kafa a Bompai da Sharaɗa da Challawa da sinadarin kuromiyam suke jima. Ruwan masana'antun Bompai yana bin rafin Getsi ya haɗu da Jakara, wadda ta riga ta kwaso dattin birni da na mayankar Fagge da na Sabon Gari, su tafi tare har madatsar Wasai a Minjibir. A bakin wannan ruwa ake noman latas da alayyafo da kabeji da ke zuwa kasuwanninmu, kuma malaman jami'a sun sha auna ruwan da ganyen suna samun kuromiyam da dalma fiye da ƙa'ida. Iyakar kuromiyam a ruwan sha miligiram 0.05 ce a lita, ta dalma 0.01. Don ki gane ƙanƙantar wannan, cokalin shayi ɗaya na gishiri ya kai miligiram 5,000. A cikin unguwa kuma akwai garejin makanikai da ke zubar da baƙin mai a ƙasa, da masu fasa tsohon batir, da tankin mai na ƙarƙashin ƙasa idan ya tsufa ya fara yoyo. Rijiyar da ta fara warin fetur ko kananzir, an gama da ita a maganar sha.

Abin da dalma take yi mun gan shi a Zamfara a 2010, a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, inda ake kawo duwatsun zinariya cikin gida ana daka su ana niƙawa a tsakar gidan da yara suke rarrafe. Yara sama da 400 suka rasu. A can ƙura da ƙasa ne suka fi yin ɓarna, amma darasin ya shafi ruwa: dalma ba ta da ɗanɗano, tafasawa ba ta fitar da ita, kuma ko kaɗan ce tana dakushe ƙwaƙwalwar yaro a hankali, a yi ta dukansa a makaranta ana cewa ba ya ganewa.

Ruwan famfo yana da hukumar da ke sa masa magani. Ruwan leda, wanda ya yaɗu tun shekarun 1990, yana da lambar NAFDAC, ko da yake akwai na jabu. Rijiyar tsakar gida fa, wa ke duba ta? Babu ma'aikacin da aikinsa ne ya zo duk shekara ya auna ta, haka ma yawancin burtsatsen da mutum ya haƙa a gidansa. A ganina wannan babban giɓi ne da ya kamata hukumomi su toshe, don bai dace a bar wa mace ita kaɗai nauyin abin da gari guda ya zuba a ƙasa ba. Amma kafin ran nan, ke ce kike wuni da rijiyar, ke ce kike ganin ranar da ta sauya.

Abin da ke hannunki ba kaɗan ba ne. A ɗaga bakin rijiya da gini ya kai gwiwa ko ƙugu, a yi mata daɓen siminti mai gangara waje, a sa murfi. Guga ɗaya, a rataye shi, kada igiya ta kwana a ƙasa inda kaji da awaki suke bi. Wanki da wanke-wanke, musamman ƙunzugu da fo na yara, a yi su nesa da ita, domin kashin jariri ba shi da wani tsarki a wajen ƙwayar cuta. Alif yana kwantar da laka ne kawai, ruwa ya yi haske, bai kashe komai ba. Bayan ya kwanta sai a tafasa, ya yi tafasa sosai na minti 1, ko a sa kulorin na ruwan sha gwargwadon yadda aka rubuta a jikinsa a jira minti 30. Ranar da babu gawayi babu magani, ko tacewa da tsabtataccen ƙyalle ta fi babu. Iyayenmu sun yi haka a yaƙi da kurkunu, wanda aka tabbatar Najeriya ta rabu da shi a 2013, kuma a ƙauyukan Bangaladash matan da suka riƙa ninka tsohon zanensu sau 4 suna tace ruwa sun rage kwalara da kusan rabi. Randar sha a rufe, moɗa mai doguwar mariƙa, kada hannu ya shiga. Idan gudawa mai kama da ruwan shinkafa ta kama wani, a fara ba shi ruwan gishiri da sukari na fakiti tun a gida, a kama hanyar asibiti, kada a jira gari ya waye.

Saura abu ɗaya wanda sai da maigida. Idan ya dawo ya ci abinci ya huta, ki ce masa, Malam, ko Alhaji, rijiyar nan tamu an taɓa auna ta kuwa? Akwai ɗakunan gwajin ruwa a Kano, na hukumar ruwa da na jami'a da na gwamnatin tarayya. Ya fara zuwa ya karɓo kwalbarsu, don ba a kowace roba ake kai samfur ba, kuma a mayar da shi a ranar da aka ɗiba. Ya ce a duba masa ikolai da naitiret, idan gidan yana kusa da Jakara ko gareji ko gidan mai a ƙara da dalma da kuromiyam. Lokacin da ya fi dacewa shi ne tsakiyar damina, sa'ad da rijiya ta cika. Idan kuɗin ya yi masa nauyi, maƙwabta uku ko huɗu su haɗa a auna ta gidan da ke tsakiya. Idan sakamako ya nuna naitiret ko ƙarfe ya wuce iyaka, rijiyar ta koma ta wanki da shara, a nemi na sha a wani wuri. Haka kuma duk ranar da kika ji ana haƙar sabon masai ko sokawe a bayan katangarki, ki sanar da shi tun ba a zuba kankare ba, ya je su yi magana ta maƙwabtaka a kan inda za a sa ramin.